"SABA BA TA AIKI, KU DAWO GOBE": TO WA YA HANA TA AIKIN?

Tun ranar Laraba, 14 ga Mayun 2025, da shugaban hukumar JAMB Farfesa Ishaq Oloyede ya tsaya gaban 'yan jarida yana share hawaye, nake ta bibiyar abin da mutane ke rubutawa. Wasu sun ce dattako ya nuna, wasu sun ce wasan kwaikwayo ne, wasu kuma tuni sun ja zancen sun kai shi ƙabilanci. Kowa da inda ya kama. Amma ban ga an tsaya sosai a kan ainihin abin da mutumin ya ce ya faru ba, alhali shi ne ya shafe mu kai tsaye, mu mutanen Gwarzo da Kabo da Getso da Garo, duk da cewa wannan karon ba a kan 'ya'yanmu abin ya faɗa ba.

Ga abin da hukumar ta faɗa da bakinta. Ɗalibai 379,997 ne sakamakonsu ya samu matsala, a cibiyoyin jarrabawa 157: guda 65 a Legas, 92 a shiyyar Owerri da ta ƙunshi jihohin kudu maso gabas. Dalili? An yi wa manhajar jarrabawar wani gyara, irin wanda masu sana'ar ke kira faci. Sai ma'aikatan ɗaya daga cikin kamfanonin da ke yi wa hukumar aiki suka kasa ɗora facin yadda ya kamata a kan wasu daga cikin sabobin. Wasu sun samu, wasu ba su samu ba. Shi ke nan fa. A kan wannan aka ce yara kusan dubu 380 su koma su sake zana jarrabawa daga ranar Juma'a 16 ga wata, da sanarwar kwana biyu kacal, wasunsu ma suna tsakiyar jarrabawar WAEC.

Da na ji bayanin sai Baffana ya faɗo mini a rai. Tsohon malamin firamare ne, ya haura shekara 70, yana zaune a wani ƙauye a ƙasar Kabo. Bara aka kira su tantancewa a wani ofishi a birni. Yana idar da sallar asuba zai hau ɗan acaɓa zuwa bakin titi, ya tari mota, ya bi ta Rimin Gado da Janguza, ya isa ya tarar da layi. Wajen ƙarfe 11 sai wani matashi ya leƙo ta taga ya ce: "Baba ku yi haƙuri, saba ba ta aiki, ku dawo gobe." Sau uku ana yi masa haka. Kun dai san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai, kun kuma san nawa ne fanshon tsohon malami.

A zuwa na uku ya biyo ta gidana, ya zauna a kan tabarma ya cire hula, ya ce: "Kai ɗan nan, tunda kai ma'aikaci ne, wai ita Sabar nan wace ce? Kullum ba ta aiki. Ba ta da mataimakiya ne?" Shi a zatonsa wata babbar jami'a ce da ba ta son fitowa ofis. Na yi dariya har da ƙwalla. Amma da na kwanta da daddare sai dariyar ta gudu, don wallahi tambayar da ya kamata kowane babban sakatare da kowane darakta ya yi ke nan kafin ya sa hannu a takardar sayen na'ura: ba ta da mataimakiya ne?

Mun saba da jin "saba ba ta aiki" har mun ɗauke ta kamar ruwan sama ko hazo, abin da ba hannun kowa a ciki. Ra'ayina shi ne wannan kuskure ne, kuma kuskuren yana cin kuɗin talaka da lokacinsa da mutuncinsa. Ba karatun kwamfuta na yi a jami'a ba, amma aiki ya zaunar da ni shekaru kusa da masu kula da irin waɗannan na'urori, na ga yadda ake yi da yadda ake ƙin yi. Bari in faɗa muku abin da na gani.

Saba kwamfuta ce, ba wani abu ba. Masu fassara na kiranta uwar garke. Bambancinta da ta kan teburinka shi ne ita dubban mutane take yi wa aiki a lokaci guda, kuma ba a son ta runtsa dare da rana. Duk wanda ya taɓa shiga ofishin gwamnati zai gane tsarin, don tsarin rajista ne sak. Akwai taga, inda kake miƙa buƙatarka: wayarka ce, ko na'urar POS, ko kwamfutar yaron da ke ɗaukar hoton yatsa. Akwai sito a can baya inda fayiloli suke, shi ne rumbun bayanai. A tsakani kuma akwai babban akawu. Shi zai karɓi buƙatarka, ya duba ko kai ne, ya duba ko ƙa'ida ta ba ka abin da kake nema, ya aiki masinja sito ya ɗauko fayil, ya buga hatimi, sannan ya rubuta a littafi cewa an yi kaza da ƙarfe kaza. Wannan babban akawun shi ne sabar da ke ɗauke da manhajar aiki. Manyan bankuna da ma'aikatu a duniya suna amfani da irin su WebLogic na kamfanin Oracle, da WebSphere na IBM, da JBoss na Red Hat, da Tomcat wanda shi kyauta ne ma.

To shi wannan akawun ba ya tunani da kansa. Mutum ne ke zama ya saita masa komai. Masinja nawa zai riƙe tsakaninsa da sito? In ka ba shi 50, ranar da mutum 5,000 suka taso lokaci ɗaya, kamar ƙarshen wata ko ranar rufe rajista, sauran sai su yi ta jira har na'urar ta gaji ta ce a sake gwadawa. Yaya faɗin teburinsa, wato ƙwaƙwalwar da aka ware masa? In ta yi kaɗan, aiki zai taru a kansa har ya tsaya cak. Littafin nan da yake rubuta duk abin da ya faru, wa ke kwashe tsofaffin shafukansa? In ba a kwashe ba, wata rana ma'ajiya za ta cika, ya daina aiki alhali ba abin da ya ƙone. Akwai kuma takardar shaidar tsaro, wadda ke tabbatar wa wayarka cewa shafin da ka shiga na gaske ne. Tana da ranar ƙarewa a rubuce kamar lasin tuƙi. Ranar da ta ƙare ba a sabunta ba, kowa ya zo shiga sai wayarsa ta gargaɗe shi ta mayar da shi baya.

Komai da ƙaddarar Allah, mun yi imani. Amma wanda ya bar lasinsa ya ƙare, ba ya ce wa ɗan KAROTA ƙaddara ce. Kowanne daga cikin abubuwan da na lissafa aikin wani mutum ne mai suna, mai albashi, wanda ko dai ya yi, ko bai yi ba, ko kuma ba a ɗauke shi aikin ba tun farko. Ita kuwa tambayar Baffa, masana sun daɗe da amsa ta: duk aikin da jama'a suka dogara da shi ba a ɗora shi kan saba ɗaya. Ana ajiye biyu ko fiye, suna raba kaya, in ɗaya ta faɗi ɗayar ta ci gaba, mai layi ma ba zai san an yi ba. Ko direban da ke jigila tsakanin Gwarzo da Kano ba ya fita ba safaya.

In kuna ganin abin ƙarami ne, ku tuna zaɓen 25 ga Fabrairun 2023. Kalmar saba ma ai tun shari'ar zaɓen 2019 ta shiga bakin mutanenmu, lokacin da Atiku Abubakar ya ce akwai sakamako a sabar INEC, hukumar ta ce ita ba ta aika sakamako ta na'ura ba. A 2023 sai aka yi alƙawarin cewa kowace rumfa za ta ɗauki hoton takardar sakamako da na'urar BVAS ta ɗora a shafin IReV kowa ya gani. Ranar zaɓe, na 'yan majalisar dattawa da na wakilai suna hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi. Sai da shekara ta zagayo, a Fabrairun 2024, INEC ta fitar da rahotonta. Bayanin da ta yi shi ne an tsara manhajar tana jera sakamako jiha jiha, kowane zaɓe da jihar da yake ƙarƙashinta. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ɗaya ba ne. Da takardunsa suka fara isowa sai sabar ta rasa aljihun da za ta saka su, ta riƙa mayar da saƙon kuskure. A cewar rahoton, sai ƙarfe 8:55 na dare aka samu takarda ta farko ta hau.

Ba ina nan don in ce wane ya ci ko wane bai ci ba, kotu ta gama wannan. Kuma na san akwai waɗanda har gobe ba su yarda da bayanin ba. Amma ku ɗauka ma gaskiya ne ɗari bisa ɗari. Ma'anarsa shi ne tsarin ya yi aiki a zaɓen gwamna na Ekiti da Osun a 2022, inda jiha ɗaya ce, amma ba a gano zai tuntsure a zaɓen ƙasa baki ɗaya ba sai ranar da ƙasar ke kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sa'o'in nan da shafin ya yi shiru sun cinye amanar da aka yi shekaru ana tarawa, kuma har yau ba ta dawo ba. Ka zauna a kowace majalisa a garin Gwarzo ka ambaci IReV ka ji abin da za a ce maka.

Kada wani ya ce halin Najeriya ne kawai. Ranar 19 ga Yulin 2024, wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura gyara mai kuskure, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka tsaya a duniya a lissafin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka rikice. Bambancin shi ne cikin 'yan kwanaki kamfanin ya fito da bayanin abin da ya faru dalla dalla, ya ce daga yanzu kashi kashi zai riƙa tura gyara, majalisar dokokin ƙasarsu kuma ta kira babban jami'insa ya amsa tambayoyi. Sannan a yi adalci: wani lokacin da gaske hanyar ce ta yanke, ba sabar ba. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Kwaddebuwa, muka wuni tiransifa ba ta tafiya. Wannan ba laifin yaron taga ba ne. Matsalar ita ce mu komai sunansa ɗaya, "ba netwok", don haka ba ma sanin ranar da za mu yi haƙuri da ranar da za mu tuhumi wani.

Yanzu bari in dawo gida, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A wani wuri da na taɓa aiki, ba zan kama suna ba, an sayo saba da kuɗi masu kauri. An yi taro, an yanka kyalle, an ɗauki hoto, an ci shinkafa. Aka ajiye ta a wani ɗan ɗaki da na'urar sanyaya wuri da batiran ko-ta-kwana. Ba a yi wata shida ba na'urar sanyin ta koma ofishin wani oga, wai tasa ta lalace, ai ita kwamfuta ba ta gumi. Batiran suka mutu, aka rubuta takardar neman canji, takardar ta shiga yawo daga tebur zuwa tebur. Daga nan duk sanda aka ɗauke wuta sai sabar ta mutu tana tsakiyar rubutu. A watan Afrilu, da zafin nan namu, wata safiya ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Nan aka shiga neman kwafin ajiya. Akwai shi kuwa, amma a cikin ita na'urar da ta mutu aka riƙa ajiye shi, kamar mutum ya ɓoye makullin safaya a cikin ɗakin da ya kulle. Aka ce to a shiga a gyara. Sai aka tarar duk ma'aikatar ba wanda ya san babbar kalmar sirri. Tana wurin yaron ɗan kwangila. Shi kuma ɗan kwangilar yana bin cikon kuɗinsa, ya daina ɗaga waya. Sati uku muka koma biro da takarda, jama'a na zuwa muna ce musu saba ba ta aiki. Ni ma da bakina na faɗa, Allah Ya yafe mini. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a cikinmu akwai matashi mai digirin kimiyyar kwamfuta, amma aikin da aka ba shi buga wasiƙu da hoton takardu. Ko sau ɗaya ba a taɓa ba shi makullin ɗakin ba.

Wannan ita ce cutar. Mun iya saye, ba mu iya riƙo ba. Saye yana da kwangila, yana da hoto, yana da abin da ke biyo bayan kwangila. Riƙo kuwa aiki ne marar hayaniya: mutum ya zo da safe ya duba littafin na'ura, ya ga ma'ajiya ta kusa cika ya rage, ya ga takardar tsaro saura wata ɗaya ya sabunta, ya gwada ko kwafin ajiya na buɗuwa. In ya yi aikinsa da kyau ba abin da zai faru, kuma tunda ba abin da ya faru sai oga ya ce wai shi wannan me yake yi ne, kullum yana zaune gaban kwamfuta? A kasafin kuɗi za ka ga layin sayen na'urori, da wuya ka ga na kula da su.

Akwai ɓangaren da ya fi wannan muni, kuma mu ma'aikata mun sani. Wani lokacin sabar lafiyarta ƙalau. Ga masu layi ne kawai ba ta aiki. Wanda ya zagaya ta baya ya ba da na goro, nan take za ta warke. Kalmar ta zama labule, don talaka ba shi da hanyar leƙawa ya gani. Da can in za a wahalar da kai sai a ce fayil ɗinka ya ɓata, yanzu an samu sabon suna.

Sannan maganar amana. Wanda ke riƙe da babban makullin saba ya fi mai riƙe da makullin baitulmali ƙarfi, don shi yana iya ƙara suna a jerin albashi, ya canja ranar haihuwa, ya sauya lambar asusu, ba tare da ya fasa ƙofa ba. Kwamfuta ba ta haifar ma'aikacin bogi, mutum ne ke shigar da shi. Abin da ke kare mu shi ne littafin nan da ke rubuta wane ne ya yi me, da ƙarfe nawa. To amma in mutum shida suna shiga da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, wadda ma an rubuta a ƙyallen takarda an liƙa a jikin bango, littafin ya zama banza. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma tun Yunin 2023 akwai Dokar Kare Bayanan Jama'a a ƙasar nan. Hoton yatsan Baffa da lambar asusunsa amana ce a wuyan ma'aikatar da ta karɓa, a gaban doka da kuma gaban Allah.

Na san wasu abokaina za su ce to a koma takarda mana, da can ai ba mu san wannan wahalar ba. Ina girmama ra'ayinsu, amma mantuwa ce. Mu da muka riski ƙarshen zamanin biyan albashi a kan tebur mun ga yadda ake yanke wa mutum canji a gabansa. Mun ga fayil ɗin da gara ta cinye, mun ga wanda ruwa ya jiƙa, mun ga magadan da suka shekara suna bin haƙƙin mahaifinsu don shafi ɗaya ya ɓace. Kuma ko muna so ko ba ma so jirgin ya riga ya tashi. IPPIS tun 2007, BVN tun 2014, asusun bai ɗaya na TSA tun 2015, jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, yaro ba ya rajistarta sai da lambar NIN. Manomin Kutama da ke sayar da masara yau ta POS ake biyansa. Tunda rayuwarmu ta riga ta hau kan na'urorin nan, abin da ya rage shi ne a riƙe su da kyau.

Wasu kuma za su ce a daina ajiye saba a ofis, a kai komai manyan cibiyoyin ajiyar bayanai. Na yarda da rabin wannan. A nan Kano ma akwai babbar cibiya ta Galaxy Backbone da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2023, kuma irin waɗannan wurare sun fi ɗan ɗakinmu wuta da sanyi da tsaro nesa ba kusa ba. Amma cibiya gida take ba ka haya, ba ita za ta jera maka kayan ɗaki ba. Matsalar JAMB da ta INEC ba ta wuta ko zafi ba ce, ta saiti ce da gwaji. Duk inda ka kai na'ura, sai ka samu mutumin da ya san aikin.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa in ka horar da yaro ya ƙware, banki ko kamfanin waje zai ɗauke shi, don albashin gwamnati ba zai riƙe shi ba. Gaskiya ne, na ga an yi. Amma maganin ba shi ne a ƙi horarwa ba. Maganin shi ne a horar da da yawa, a rubuta komai a takarda ta yadda tafiyar mutum ɗaya ba za ta tsayar da ma'aikata ba, a kuma ba su alawus da matsayin da ya dace. Kuɗin da muka yi asara a sati ukun nan da na faɗa muku ya isa a riƙe mutum biyu shekara guda.

Ga abin da nake ganin ya kamata, kuma mafi yawansa ba sai an jira Abuja ba.

1. Kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ya miƙa duk makullai da bayanin saiti a rubuce, ya kuma koyar da aƙalla ma'aikata biyu na dindindin har sun iya tayar da na'urar ba shi a wurin. Komai a yi rajistarsa da sunan ma'aikata, ba da adireshin imel ɗin wani yaro ba.

2. Duk shekara a ware kuɗin kula: batir, sola, intanet, sabunta lasisi. Wanda ba zai iya ciyar da doki ba kada ya saya.

3. Kowane gyara a fara gwada shi a sabar gwaji, da irin nauyin da za a ɗauka ranar aiki. In za a ɗora, a bi jerin sabobin ɗaya bayan ɗaya, mutum na biyu ya duba ya sa hannu cewa kowacce ta samu. Takarda ɗaya mai layi layi ce ke tsayawa tsakanin yara da irin abin da ya faru a Mayun 2025.

4. Kwafin ajiya ya kwana a wani gini daban, in da hali a wani gari, kuma duk wata uku a gwada dawo da shi. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba fata ne kawai.

5. Kowa da makullinsa da sunansa. Ranar da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, ranar za a rufe nasa. Masu binciken kuɗi su koyi karanta littafin na'ura kamar yadda suke karanta baucoci.

6. In ta tsaya, a faɗa wa mutane gaskiya da wuri. Lambobin wayarsu suna hannunmu, saƙo ɗaya da daddare zai hana tsoho fitowa da asuba. Wanda ya riga ya zo a rubuta sunansa, gobe shi ne farko. Tsofaffi kuwa a kai musu na'urar sakatariyar ƙaramar hukumarsu. Ma'aikaci biyu su je Kabo ya fi tsoho 200 su zo birni.

Na ƙarshe kuma kira ne ga namu. Gwamnatin tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Kabo tun 2022, ga shirin 3MTT na horar da matasa yana tafiya. Yaranmu da ke zaune a shagunan POS da na gyaran waya a Gwarzo da Getso suna da kai, na ga wanda ya koyi abubuwa masu wuya daga bidiyo a wayarsa. Kowa yana son ya iya ƙirƙirar manhaja, amma masu iya riƙe ta tana tafiya su ne suka yi ƙaranci. Ƙannena, ga sana'a nan da ba ta da cunkoso. Wakilanmu kuma, in za a yi aikin mazaɓa, a tuna cewa ɗakin kwamfuta ba mai kula da shi ɗakin ajiyar ƙura ne.

Game da Farfesa Oloyede, ni na yaba masa da ya fito ya ce kuskuren daga ɓangarensu yake. Ba mu saba ganin haka ba. Amma hawaye ba ya cikin matakan gyara. Abin da zai amfane mu shi ne a wallafa cikakken bayani: wa ya kamata ya duba, me ya sa ba a gano ba sai da iyaye suka yi ta kuka, me aka canja don kada a maimaita. A 2025 Legas da Owerri ne. Ba abin da ya hana nan gaba ya zama cibiyar da ɗanka ko 'yata za su zauna.

Baffa dai a zuwa na huɗu aka ɗauki yatsansa. Ya kira ni a waya yana murna, ya ce: "Ɗan nan, yau Saba ta fito aiki." Na ce masa Alhamdu lillahi Baffa, Allah Ya huci gajiya. Ban iya gaya masa cewa tun farko ba ita ce ta ƙi fitowa ba.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana. Wanda ya san aikin nan fiye da ni, in ya ga inda na kauce ya gyara mini. Wanda kuma aka taɓa cewa ya dawo gobe, ya faɗa mana sau nawa ya koma.